Labulen Majo Kalla

Duk wanda ya zauna Treichville a shekarun babban yaƙin Nasara, muddin wuƙa ta taɓa cinsa ko gyambo ya taɓa kama shi, to ya san Majo Kalla. Dogo ne, baƙi, marar nama, yatsansa guda na hagu a lanƙwashe tun ranar da igiyar jirgin ruwa ta matse shi a Port-Bouët. Bagobiri ne, daga wani ƙauye yamma da Maraɗi. Ya biyo masu koro shanu yana saurayi, da ƙafa har inda layin dogo ya tsaya, daga nan jirgin ƙasa ya sauke shi bakin teku. Yatsan nan ne ya kai shi gidan likita, kuma bai sake fita ba. Ya yi shara, ya yi wankin ƙyallen ɗauri, ya tsinci Faransanci a bakin wani ɗan Senegal, ya ci jarrabawa, aka ba shi farar riga. Da aka buɗe ɗan asibitin da ke bayan kasuwa, mai ɗakin kwanciya ɗaya da baranda, sai aka ɗora shi a kan ma'aikatan jinya, muƙamin da ake kira Majo. Sunan Majo ya bi shi har gida, matarsa Rakiya ma haka take kiransa.

Abin da ya sa sababbin ma'aikata ba sa ƙaunarsa tambaya ce guda ɗaya. Bai taɓa ce wa kowa "Ka yi?" ba. Cewa yake, "Me ka gani?" Ka wanke ciwo, ka ɗaure shi tsaf, ka fito kana jin kanka, sai ya tare ka a baranda. Wane launi ne? Bakinsa ya haɗe ko yana buɗe? Warin me yake yi? In ka fara inda-inda, sai ka koma ka kwance a gaban mai ciwon, kana ji yana tsine maka. A bayan idonsa Hanci suke kiransa. Ya sani, bai damu ba.

Shekarar da jiragen ruwa suka daina kawo magani, aka kwashe masa ma'aikata biyu zuwa soja, aka bar shi da Sha'ibu. Sha'ibu haifaffen Bassam ne, ɗan lakwal, wato makarantar boko, mai sanyin hannu. Yakan yi wa yaro allura ya gama, yaron na jiran a fara. Kalla na ji da shi, amma ko da wasa bai taɓa faɗa masa ba. Da Sha'ibu ya tashi neman Tsahara, 'yar Gajere mahauci, Kalla ne ya saka babbar riga ya kai goron.

Ana nan sai wuƙar Gajere ta zame wata safiya yana fiɗar sa, ta shige masa can saman cinya, dab da matsematsi. Kalla ya ɗinke, ya kwantar da shi a gadon lungu. Ko kwana biyu ba a yi ba agana ta ɓarke a Adjamé, aka aiko wa Kalla ya tafi yi wa mutane lamba. Ya bar asibiti a hannun Sha'ibu, ya haye gada.

Ranar Juma'a da hantsi ya dawo, kuma ba zama ya zo yi ba. An yi wa masu agana sansani a bayan Adjamé, an kewaye shi da waya, aka ce shi zai riƙe shi. Wanda ya shiga ba ya fita sai cutar ta lafa. Mota za ta zo ɗaukarsa kafin azahar, ya zo ne ya ɗebi auduga da alkol na wanke hannu.

Sha'ibu ya tarye shi a baranda.

"Majo, sannu da zuwa. Ya Adjamé?"

"Tana nan. Ƙafar tsoho fa?"

"Da sauƙi, Majo. Safe da yamma, ba fashi."

"Me ka gani?"

Sha'ibu ya gyara wuyan rigarsa. "Ɗaurin fari ne tas, babu ko..."

"Ɗauri na tambaye ka?"

Bai jira amsa ba, ya nufi ɗakin kwanciya. Tun daga bakin ƙofa hancinsa ya tsinto shi a ƙarƙashin warin sabulu, wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na naman da ya kwana a rufe. Ya waiwaya. Sha'ibu ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya kawar da kai gefe yana kallon bango. Ganin takalman nan a ajiye, sai Kalla ya gane: surukin yaron ne kwance a ciki. Shi da ya kai goro, ya aka yi bai tuna ba?

Gajere na kwance, goshi duk gumi, matarsa Kande na zaune a tabarma tana yi masa fifita. Zazzaɓi bai kashe masa baki ba.

"A'a, Majo! An ce kana can kana tsaga yaran Adjamé kamar kifin shanya. Sun ƙare ne?"

"Saura kaɗan, Baba. Gyara mini in gani."

Ya ja zane, ya fara warware ɗauri. Na sama fari ne ƙal, dafaffe, sai dai ƙullinsa irin na bakin zane ne. Na ƙasa ya manne. Da ya ɗaga shi, Kande ta kai gefen mayafi hanci. Cinyar ta kumbura tana sheƙi, zaren ɗinki ya nutse cikin nama, an cusa wani abu baƙi mai maiƙo a bakin ciwon.

"Wa ya sa wannan?"

"Ni ce," in ji Kande. "Man shanu ne da garin bagaruwa. Na ga yana ruwa."

"Ke kike wankewa?"

"To wa zai wanke? Yaron nan yana kawo mini komai har bakin ƙofa, ruwan magani, ƙyalle, almakashi. Yaron kirki ne, Majo. Bayansa yake ba mu har in gama."

Kalla ya danna gefen kumburin da yatsa, Gajere ya yi salati. Ya bi jan da ya kewaye ciwon da ido. Bai kai mara ba tukuna, naman bai yi baƙi ba. Ya rufe, ya fita, ya ce da mai kallon bango, "Biyo ni."

A gindin mangwaron bayan asibiti ya tsaya.

"Tun da na tafi, ka ga ciwon nan da idonka?"

"A'a, Majo."

"Likita ya zaga?"

"Ran Talata."

"Ya tambaye ka?"

"Ya tambaya."

"Ka ce me?"

Sha'ibu ya ce a hankali, "Na ce yana warkewa."

"Yana warkewa!"

"Majo, ku kuka kai goron nan. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba. In na hango shi a kasuwa layi nake sakewa. Shi zan ɗaga wa zane? A wurin nan? Ku ma da surukinku ne..."

"Da surukina ne, da na aika Adjamé na ce Majo, na kasa, turo wani. Kunyarka ba ta ba ni haushi ba, uwarka ta yi tarbiyya. Amma ka tsaya cikin rigar nan ka ce wa likita ka ga abin da ba ka gani ba. Da ban dawo ɗibar auduga ba fa? Jibi war haka da zarto ake magana."

Sha'ibu ya sunkuyar da kai. "Ku kore ni, Majo."

"In kore ka in bar wa wa ƙafar? Kande?"

Nan ne Kalla ya ga inda matsalar take. Yau zai iya buɗe ciwon da kansa, ya matse, ya wanke. Amma irin wannan rami sai an bi shi safe da yamma, a zuba magani har ƙasansa, a cusa lagwanin ƙyalle, a duba ko ja na hawa. Shi kuwa kafin azahar yana bayan waya. Hannu ɗaya ne ya rage a asibitin nan da ya iya aikin, kuma mai hannun ba ya iya ɗaga ido.

Ya koma ciki, ya ja kujera gaban gado, abin da bai saba ba.

"Baba, zan faɗa maka gaskiya. Ciwon ya ɓaci. Hanya biyu ce. Ko in sa a haye da kai gada zuwa babban asibiti..."

"Inda suke yanke ƙafa?"

"Gadajensu cike suke da sojoji. Ba su da mai zama yana wanke rami kullum. In suka ga wannan, ina jin yankewa za su yi."

"Mahauci da ƙafa ɗaya! Wa zai danne mini sa, ke?" Ya harari Kande. "Ɗaya hanyar fa?"

"A buɗe shi nan, a riƙa wankewa. Ni ba na nan. Ma'aikaci ɗaya gare ni."

Gajere ya yunƙura ya tashi a gwiwar hannu, idonsa ja. "Majo, ina ganin girmanka. Ranar da yaron nan ya ga tsiraicina, ranar zai sallamo mini 'yata. Ni da shi ba za mu sake haɗa ido a duniya ba. Kande, naɗe tabarma. A kira mini wanzami a gida."

"Kai dai kwanta," in ji Kande, "zazzaɓi ke magana."

"Zazzaɓi ne ya haifi Tsahara? Na ce naɗe!"

Daga waje sai ga ƙarar mota ta tsaya, direba ya danna oda. Kalla ya leƙa taga ya ɗaga masa hannu. Direban, wani Bajule mai gajen haƙuri, ya nuna masa rana.

Kalla ya tsaya yana kallon tsohon. Ya san irinsa. In ya fita ƙofar nan ba zai dawo ba sai a makara. Ya san kuma ba taurin kai kaɗai ba ne, tsohon gara masa kabari da ya zauna a rumfar mahauta ana cewa mijin 'yarsa ya san abin da ke ƙarƙashin zanensa.

Sai ya fita. Ya dawo da igiyar shanya da zannuwan gado biyu. Ya ɗaura igiyar daga ƙarfen taga zuwa ƙusar bango, ta ratsa gadon daidai cibiyar Gajere, ya rataya zane ɗaya har ya taɓa katifa. Ɗayan ya sa almakashi ya huda shi faɗin tafin hannu, ya lulluɓe tsohon daga ƙugu zuwa tafin ƙafa, ciwon kaɗai ke leƙowa.

"Wannan kuma wane tsafi ne?" in ji Gajere daga bayan labule.

"Baba, an turo mini wani ma'aikaci. Shi zai riƙa zuwa. Ba ya gaisuwa, ba ya jin Hausa, Faransanci kaɗai yake yi."

Kande ta daina fifita.

"Ɗan wane gari ne?" in ji Gajere.

"Ban tambaye shi ba."

"Sunansa?"

"Ba shi da shi."

"Musulmi ne?"

"Ya fi ni da kai wanke hannu."

Oda ta sake tashi, doguwa. Kalla bai motsa ba. Yana jin numfashin tsohon, yana jin Kande na raɗa masa wani abu, shi kuma yana cewa ta rufe masa baki. Can sai muryar tsohon ta fito.

"Ka faɗa wa baƙon naka, in na ji hannunsa na rawa, da mai lafiyar zan harbe shi."

Sha'ibu ya riga ya dawo bakin ƙofa kusa da takalmansa, ya ji komai. Kalla ya zo kansa.

"Sa takalminka."

"Majo, a gabansa?"

"Suruki ke shiga ba takalmi. Kai ba suruki ba ne. Sa su, ka taka da ƙarfi ya ji. Kada ka durƙusa, kada ka yi sallama."

Wannan ya fi wa Sha'ibu komai wuya. Ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya dubi Kalla kamar mai neman ceto. Kalla ya dubi taga. Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti, tun daga ƙofa har gadon lungu, ƙarar da babu wani mijin 'ya da zai yi ta a gaban uban matarsa. A bayan labule Gajere ya juya fuska bango.

Kalla ya zuba masa alkol a hannu, ya miƙa masa almakashi, shi kuma ya harɗe nasa hannuwan a baya don kada su yi masa shisshigi.

"Cire zaren," ya ce da Faransanci.

Hannun na rawa. Kalla na gani, kuma ya san tsohon zai ji. Ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ba a ce ka dubi mutum ba. Faɗin tafin hannu ne, shi za ka duba. Me ka gani?"

Sha'ibu ya sunkuya, ya duba. Ya fara faɗa da Faransanci, kalma ɗaya-ɗaya, sannan suka fara zuwa a jere: kumburi ya fi yawa ta ciki, zare uku sun nutse, fata ta yi laushi a ƙasa, nan mugunyar take. Yana faɗa hannun na tsayawa. Ya datse zaren, ya buɗa bakin, abin ya ɓalle ya cika tasa. Gajere ya kurma ihu, ya zagi sa, ya zagi wuƙa, ya zagi uwar maƙerin da ya ƙera ta, amma bai zagi baƙo ba, ƙafar mai lafiya kuma ba ta tashi ba. Sha'ibu ya kwashe man shanu da bagaruwa, ya bi ramin da ruwan magani har ya fito garau, ya barbaɗa ɗan farin garin maganin da ya rage musu a kwalba, ya cusa lagwani, ya ɗaure. Ya juya ya fita, ƙwas, ƙwas. A gindin mangwaro ya yi amai.

Kalla ya same shi da moɗar ruwa, buhun auduga a kafaɗa.

"Bon. Saurara, mota na jira. Ranar da likita ya zo, kai za ka faɗa masa abin da ka yi, da bakinka, kafin ya zauna. In na fito na tarar ba ka faɗa ba, ni zan faɗa, kuma nawa ya fi naka zafi. Sannan duk ranar da ka samu sarari bayan wankin safe, ka zo Adjamé, ka tsaya nesa da waya, ka faɗa mini abin da ka gani. In ja ya kai mara, kada ka zo wurina. Ka sa a ɗauke shi a haye gada ko yana zagi."

"To, Majo."

"Man shanu kuma ka ce wa Kande na tuwo ne."

Haka aka yi. Masu awon hatsi a bakin kasuwar Adjamé sun saba ganin wani saurayi mai farar riga yana wucewa da sauri, ya tsaya a tsakiyar fili yana ƙwala magana, wani dogo a bayan waya na ƙwalo masa tambaya. Zuwan farko labarin bai yi daɗi ba. Zazzaɓi ya ƙaru, ja ya hau da faɗin yatsa.

"Yatsan wa? Naka ko nawa?"

"Nawa, Majo!"

"Wari fa?"

"Na mugunya ne, ba na mushe ba!"

"Ka tabbata? Ka sa hanci, ko daga nesa ka shaƙa?"

"Na sa, Majo!"

Kalla ya riƙe waya har ta yi masa shaida a tafin hannu. A bayansa mutane na nishi a bukkoki, a gabansa gada da ruwa da ƙafar da ba zai iya gani ba. A ce a haye da tsohon yanzu, ƙafa ta tafi. A jira, in yaron ya yi kuskure, tsohon ne zai tafi gaba ɗaya. Ba shi da abin dogaro sai idon da ya taɓa yi wa likita ƙarya.

"Ƙara buɗa ramin ta ƙasa," ya ce. "Ka dawo gobe."

Washegari ja ya tsaya inda yake. Bayan nan ya fara ja da baya. Ranar da Sha'ibu ya zo yana ihu tun daga nesa cewa jan nama na tasowa daga gindin rami, Kalla cewa ya yi, "Ba a ihu a gaban marasa lafiya," ya juya ya shiga bukka, ya daɗe bai fito ba.

Likita ya ji labari daga bakin Sha'ibu, ya jinkirta masa ƙarin girma. Kande kuwa ita ta riƙa ba da sauran labarin a gidajen suna. Wai kullum da la'asar, bayan baƙo mai takalmi ya gama ya fita, sai ga mijin Tsahara ya zo da kwanon fura, ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya durƙusa, kai a gefe.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi. Wani baƙo Majo ya haɗa ni da shi, hannu kamar na mai sassabe. Ga rashin tarbiyya, ko sallama ba ya yi."

"Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

"Amin. A gaida gida."

Sai da ruwan sama ya ɗauke aka buɗe sansanin, aka ƙone bukkoki, aka ƙone har rigar Kalla. Ya fito ya ƙara ramewa. Kafin ya je gida wurin Rakiya, sai ya bi ta layin mahauta a kasuwar Treichville. Ya hango Gajere a tsaye bayan teburinsa, ya karkata gefe guda kamar rumfar da iska ta tura, yana yi wa wata mata ciniki da Julanci yana rantsuwa.

"Baba, zo nan baya in duba."

"A kasuwa, Majo? Ba ka da labule?"

Suka shiga bayan tabarmar rumfa. Kalla ya durƙusa, ya danna, ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙar. Ba ta miƙewa duka, kuma ba za ta ƙara ba. Ya sunkuya ya shaƙa.

"To," in ji Gajere, "kai mai tambayar mutane. Me ka gani?"

"Tabo."

Tsohon ya gyara zanensa, ya ɗingisa zuwa tebur, ya yanko tsoka mai kyau ya naɗe a ganye, ya sake yanko wata.

"Wannan naka. Wannan ka kai wa marar gaisuwar nan, in bai koma garinsu ba."

Igiyar shanyar nan ba a kwance ta daga gadon lungu ba har Kalla ya bar aiki. A garin da rabin masu ciwo dangin wani ma'aikaci ne, an sha rataya mata zane.